'Yar Hukuma a Gidan Harlam

Jinin biƙi bai gama ɗauke wa Ustinya ba uwar mijinta, Domna, ta tasa ta gaba zuwa birni. Jaririyarta Lusha aka bar wa maƙwabciya. A gidan tsintattun yara suka bi layin matan ƙauye, har wata mata mai farar riga ta zo ta buɗe ƙirjin Ustinya a gaban kowa, ta matsa nan ta matsa can kamar mai tayin saniya a kasuwa, ta ce akwai ruwa. Aka miƙo mata jaririya cikin zanen hukuma. A wuyan yarinyar akwai igiya da aka haɗe bakinta da dalma, da ɗan ƙashi mai lamba rataye a jiki. Igiyar ba ta fita ta kai. Sunan yarinyar Serafima.

"Ji wani suna," in ji Domna da suka zauna a jirgin ƙasa za su koma. "Uwa ta yar da ita a bakin ƙofa, amma suna sai ka ce 'yar gwamna. Ke, riƙe ta da kyau! Saniyarmu ce a hannunki."

Ba ƙarya ta yi ba. Saniyar gidansu kam, masu haraji sun ja ta tun narkewar ƙanƙara. Nikifor, mijin Ustinya, yana masaƙa a Mosko, abin da yake aikowa kuwa ko gishiri ba ya kai wa wata. Gidan tsintattu yana biyan duk matar da ta ɗauki jariri ta shayar, muddin yana da rai kuma igiyar tana wuyansa. Kusan rabin gidajen ƙauyensu Lipofka da ɗan hukuma a cikinsu.

Da suka iso, Ustinya ta ruga ta karɓo Lusha, wadda ta yi kuka har muryarta ta dishe. Ta zauna a benci kusa da murhu, ta sa ɗaya a dama ɗaya a hagu. Ko haɗiya uku Lusha ba ta yi ba Domna ta zo ta cire ta.

"Wannan ce za ta fara. In ta ƙoshi ta saki, abin da ya rage na taki ne."

"Inna, ai su biyun za su samu."

"Da wane jikin? Dube ki, kamar sandar shanya. Mai duba yara zai zo ba sallama, in ya tarar da 'yarsu a rame ya ɗauke ta, ke za ki saya mana saniya? Ko ubanki da ya aurar da ke da akwati fanko?"

Harlam, uban mijinta, yana zaune a ƙarƙashin hotunan waliyyai yana saƙa takalmin ɓawon itace. Duk ƙauyen ba mai hannunsa a saƙa. Bai ɗaga kai ba ya ce, "Da namiji kika haifa, da taron ƙauye ya ƙara mana yanki ranar rabon gona. Mace fa? Mu ciyar da ita mu tufatar, wani ƙato ya zo ya ɗauke ta ta je ta yi wa gidansu girbi. Yi abin da aka ce miki."

Ustinya ta gyara wa Serafima kwanciya a ƙirjinta. A gidan nan ko cokali ba ya shiga akushi sai Harlam ya ƙwanƙwasa bakin akushin da nasa cokalin, balle baki ya yi musu.

Serafima kuwa mai ci ce. Sai ta tsotse dama ta tsotse hagu sannan ta saki, bakinta sharkaf, ta yi barci. Lusha ta zo ta ja ta ja, ta saki ta yi kuka, ta sake kamawa.

Ana haka hatsi ya nuna. Duk mai ƙafa a Lipofka ya fita da lauje tun sanyin safiya. Mata suna kafa sanduna uku a bakin gona su rataye kwandon jariri, in ya yi kuka su zo da gudu su shayar su koma. Ranar farko Ustinya ta naɗe yaran biyu za ta fita, Domna ta tare ƙofa.

"Ina za ki da su?"

"Gona, Inna."

"Gona za ki ko reno? Ɗaya za ki ɗauka, kin kuma san wacce. Taki tana wurina. Ni da na haifi tara ce ban iya jariri ba?"

Ba ta faɗi cewa shida daga cikin taran suna binne a bayan coci ba. Ta gutsuri baƙin burodi ta tauna da sauran haƙoranta, ta tofa a tsumma, ta ɗaure da zare, ta cusa a bakin Lusha.

"Ga shi nan. Da shi aka rene ni, da shi na reni mijinki. Wanda Allah ya so ya rayu, da tsumma ma rayuwa yake."

Ustinya ta yini a sunkuye tana yanka tana ɗaure dami, jini yana bin cinyarta, nono yana zuba duk lokacin da ta tuna gida. Ba sa tashi sai rana ta faɗi. Da ta shigo ɗaki warin da ya fara tarbarta ya gaya mata komai. Lusha na kwance cikin ƙazantar yini, ƙuda sun yi baƙi a fuskarta, tsumman safe yana nan a bakinta ya yi tsami. Domna tana kan ginin murhu, inda ake kwanciya, ta miƙe kumburarrun ƙafafunta.

"Kada ki dube ni haka. Ni na yi burodi, ni na ɗebo ruwa, ni na kori kaji. Hannu goma gare ni?"

Haka aka yi ta yi. Ga azumin Uwar Almasihu ya shigo, ba ƙwai ba mai, sai miyar kabeji tsararo da albasa da burodin da aka gauraya da ƙaiƙayi. Nono ya ragu. Abin da ake ce wa ragowa ya daina raguwa. Lusha ta fara gudawa, bakinta ya yi fari da ƙuraje, kukanta ya koma kamar na kyanwa a cikin rami. Da kukan ya ishi Domna sai ta riƙa jiƙa tsumman da ruwan furen nan mai sa barci, yarinyar ta daina damun kowa.

Wata rana da tsakar rana, ana hutun cin abinci, Ustinya ta ɗauki tulu ta ce za ta rafi. Da ta sha kwanar dawa ta ajiye tulun ta zura da gudu gida. Domna tana lambu. Ta sungumi Lusha ta tsuguna bayan ƙofa, ta ba ta nonon da ta hana Serafima tun safe. Yarinyar ta kama da ƙyar, tana ja tana hutawa, ɗan hannunta yana lalube a wuyan uwarta. Ustinya ta yi haka sau biyu ba wanda ya gane. A na uku ta dawo ta tarar da Harlam tsaye kusa da tulun, linzamin doki a hannunsa, Serafima tana tsala ihu a bakin gona.

"Rafin ya koma gida ne?"

"Baba, mutuwa za ta yi."

"Mu fa? Dubi sama! In ruwa ya sauka kan hatsin nan, ko ya zube a ƙasa, me za ki ci da hunturu, 'yarki? Ɓarauniya! Nonon nan naki ne? An saye shi!"

Ya zuba mata linzamin a baya da kafaɗa. Ƙirji kawai ya kiyaye. Matan da ke gonakin kusa suka miƙe suka duba, suka sake sunkuyawa.

Mai duba yara ya zo ranar Lahadi bayan coci, cikin keken doki, da dagaci yana biye da shi hula a hannu. Dogo ne mai tabarau, yana toshe hanci da hankici. Ya sa aka kwance Serafima, ya matsa cinyarta, ya duba bakinta, ya jawo ɗan ƙashin ya karanta lambar.

"Madalla. Da duk gidaje haka suke da na huta."

Domna ta rusuna har goshinta ya kusa taɓa benci. "Ranka ya daɗe, kamar jikata na ɗauke ta. Mu kwana da yunwa ita ta ƙoshi."

Ya juya zai fita. Ustinya ba ta taɓa yi wa mai takalmin fata magana ba, amma ta ji bakinta ya buɗe.

"Yallaɓai, ga wata nan. Ka dube ta don Allah, ko da magani."

Ya leƙa kwandon daga nesa. "Tamu ce?"

"Tawa ce."

"To ai ba a aiko ni wurinta ba. Ki kai ta asibitin gunduma."

Asibitin gunduma tafiyar yini ce a doki, doki kuwa yana jan dami. Da keken ya tafi Domna ta mare ta.

"Ki tona mana asiri gaban baƙo? Shegiyar baki!"

Saura mata Nikifor. Ya zo ranar idin ƙarshen azumi, da hula irin ta 'yan birni da tarin da ba ya ƙarewa. Ya kawo wa uwarsa sukari, ubansa taba, ita kuma ɗankwali. Bayan an ci an sha ta same shi a bayan rumbu yana tofar da majina mai ratsin ja. Ta kawo masa Lusha ta buɗe zanen.

"Dubi 'yarka."

Ya duba, ya kau da kai da sauri.

"Ka yi wa Inna magana. Ko ka tafi da mu. Zan yi saƙa, zan yi wanki, komai."

Ya yi wata dariya da ta koma tari. "In kai ki ina? Kin san inda nake kwana? Katako ɗaya mu biyu, in na tashi na shiga aiki wani ya kwanta, ko hucewa ba ya yi. Matan da ke da goyo a can, a tsaye suke shayarwa bakin ƙofar masaƙa, mai gadi yana ƙirga musu lokaci, in sun daɗe a yanke lada. Ke kina nan cikin iska mai kyau kina kuka."

"Nikifor, ba ta kai hunturu."

"Takardar tafiyata ma sai Baba ya yarda ake sabunta ta. In na ɓata masa rai ya sa dagaci ya dawo da ni, sai mu ci ƙasa gaba ɗaya. Ki yi haƙuri. Ai da ƙuruciyarmu, ma sami wani. Wataƙila ma namiji."

Washegari ya bi hanyar tasha, ko kwandon bai sake leƙawa ba.

Kowa a gidan jiran Lusha yake ta cika. Harlam har ya ware gutsuren katakon akwatin gawa a rumfa. Amma gudawar zafi da ke bin ƙauyen gida gida ba ta duba lamba, Serafima ta kama. Yarinyar da take kamar kabewa ta zube cikin kwana kaɗan. Domna ta kunna kyandir gaban waliyyai, ta kira mai tofi, ta yi abin da ba ta taɓa yi wa jikarta ba. A banza. Ranar da ake kwashe damin ƙarshe, Ustinya ta zo shayarwa ta tarar da Serafima a inuwar amalanke ta cika, ido a buɗe, ƙuda a kai.

Ta zauna a ƙasa ta rungume ta. Ta sha cewa a ranta ta tsani yarinyar nan. Amma ita ta san yadda take murza kunne in tana sha, ita ta fara ganin dariyarta, duk duniya kuma ba wanda zai yi mata kuka in ba ita ba. Ta yi.

Harlam ya zo ya tsaya a kanta. Ya dubi hagu ya dubi dama.

"Rufe bakinki. Naɗe ta kamar mai barci, ki wuce gida. In kika bari wani ya ji, sai na karya ki."

A ɗaki Domna ta ɗora hannu a ka. "Ta kashe ta! Da gangan ta yi, mayya! Ta bi ta bayan ido tana ba wa wancan ƙwarangwal ɗin! Wayyo saniyata!"

"Yi mana shiru, tsohuwa," in ji Harlam. Ya sa sakata, ya rataya riga a taga duk da rana tana sama. Ya tsaya tsakanin yaran biyu, yana duban wannan yana duban waccan. Can ya ɗauko basillar saƙarsa da 'yar wuƙa.

"Lusha ce ta mutu," ya ce.

Ustinya ba ta gane ba sai da ta ga ya sunkuya kan gawar, ya yanke igiyar ta bayan wuya, nesa da dalmar.

"Baba, a'a. Baba, zunubi ne. An yi mata baftisma da sunanta."

"Zunubi! Mai baƙin burodi a ciki ne yake lissafin zunubi? Duk ƙauye ya san taki tana hanya, ba mai tambaya. Waccan kuwa in aka ji ta mutu an rufe mana ƙofa ke nan." Ya ɗago igiyar. "Ke, saurara. Kina so ta sha nono ko ba kya so? In wannan ta hau wuyanta, dama da hagu duk nata ne, ba mai cire ta. In ba ta hau ba, ga tsumma can, ga katako a rumfa. Zaɓi."

Ustinya ta dubi Lusha. Fatar wuyanta ta yi laushi ta tattare kamar ta tsohuwa. Ta dubi tsumman da ke kan benci, ƙuda suna binsa.

Ita da kanta ta tallabe kan 'yarta. Harlam ya warware bakin igiyar zare zare, ya saƙa su cikin juna, ya shafa toka da maiƙo a wurin. Da ya gama ko ita da ta ga an yi sai da ta laluba kafin ta sami mahaɗin.

Aka binne Serafima washegari. Limamin coci ya yi addu'a a gurguje, don jarirai uku ke jiransa ranar. Ya roƙi Ubangiji ya karɓi baiwarsa jaririya Lukerya, wato Lusha, Ustinya tana tsaye tana ji. Akulina maƙwabciya, wadda ta riƙe Lusha ranar da aka je birni, ta ɗaga mayafin fuskar gawar don ban kwana. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta mayar, ta yi alamar gicciye, ta matso kusa da Domna.

"Mutuwa ta karɓe ta, maƙwabciya. Har kumatu ta yi."

"Kumburi ne," in ji Domna. "Ki kula da ɗan hukumar da ke ɗakinki, na ji shi ma yana tari."

Akulina ta ja da baya ta shige cikin mutane.

Daga maƙabarta gidan ya canza. Domna ta ciro ƙwai daga inda take ɓoyewa ta dafa, ta dama fate ta zuba mai, ta tura gaban Ustinya.

"Ci, 'yata, ci. Mai shayarwa ba ta zama da yunwa."

Ta ɗauki Lusha, karo na farko da ta ɗauke ta ba don ta cusa mata tsumma ba, tana jijjiga ta. "Serafima, Serafima 'yar gwamna! Wa ya taɓa min ke? Sha ki yi ƙiba, kin ji?" Ta juyo. "Ke kuma in na sake jin wancan sunan a bakinki, ko cikin barci, sai na yanke harshen."

Lusha ta kasa kama nono. Bakin duk gyambo ne, ƙarfin ja kuma babu. Ustinya ta riƙa tatsa a cokalin katako tana ɗiga mata a gefen baki, ɗigo ɗigo, tun safe har dare. Ba wanda ya kira ta sussuka. Harlam da kansa ya ce a bar ta. A hankali gudawar ta tsaya. Wata safiya yarinyar ta juya kai da kanta ta kama, ta ja, ta haɗiye, Ustinya ta ji zafin jan har cikin bayanta. Ta sunkuya ta sa baki a kunnenta ta faɗi sunan, yadda ko iska ba za ta ji ba. Lusha ta buɗe ido ta dube ta. Har yanzu ƙashi ce da fata, amma idon na mai zama ne.

Ranar nan da hantsi aka ji ƙararrawar keken doki.

Wannan karon ban da dagaci akwai wata mata a bayan keken, da babban kwando mai jarirai biyu a ciki. Mai duba yara ya shigo da hankicinsa. Domna ta yi ta kai da kawo, tana share benci da gefen zaninta.

"Ranka ya daɗe, ta ɗan yi ciwo, ciwon nan na zafi, amma ta warke, tana ci kamar me."

"Kwance ta."

Ustinya ta kwance zanen. Mutumin ya sauke hankicin daga hancinsa. Ya dubi haƙarƙarin da ake ƙirgawa, da ƙafafun da suka zama kamar tsinke, da gyambon da ke warkewa a bayanta. Ya jawo ɗan ƙashin ya karanta. Fuskarsa ta yi ja.

"Wannan ciwo ne? Wannan yunwa ce! Yunwar makonni! Dubi bakinta, tsumma kuka ba ta! Na bar muku yarinya kamar tuffa, ku mayar da ita haka? Dabbobi! Ku karɓi kuɗin hukuma ku kashe mata 'ya'ya?"

"Yallaɓai, wallahi..."

"Rufe min baki, tsohuwar banza. An cire gidan nan, ba ku ƙara ganin ɗanmu." Ya leƙa ƙofa ya kira matar da ke keken. "Zo ki ɗauke ta. Birni za ta koma, in ta kai a ba wa wata."

Matar ta shigo ta miƙa hannu. Ustinya ta ja da baya har ta bugi murhu.

"Tawa ce."

"Ba ni ita, baiwar Allah, hanya da nisa."

"Tawa ce! Ni na haife ta, a ɗakin wankan can! Lusha ce! Taku ta mutu, tana bayan coci, Baba ne ya yanke igiyar ya saƙa! Yallaɓai, dubi fuskarta, ai ka ga waccan, ka ga wannan ma, kai ka ce in kai ta asibiti!"

Mai duba yara ya dubi Harlam. Harlam ya yi alamar gicciye a hankali, ya girgiza kai.

"Ranka ya daɗe, ka yi mata uzuri. Tun da ta binne 'yarta kanta ya taɓu."

"Haka take yini," in ji Domna, har da share ido. "Tana kiran wannan da sunan waccan. Mun rasa yadda za mu yi da ita."

"Dagaci, an binne 'yar matar nan?"

"An binne, ranka ya daɗe. Ina wurin. Liman ma yana nan, a tambaye shi."

Mutane sun taru a ƙofa. Ustinya ta hango Akulina a cikinsu, da ɗan hukuma a kafaɗarta.

"Akulina! Ke kin gani! Kin ɗaga mayafin! Faɗa musu don girman Allah!"

Akulina ta gyara wa yaron hula. "Ni gawa na gani. Gawar jariri ai duk ɗaya ce."

Mai duba yara ya sa yatsa ya zagaya igiyar, ya duba dalmar, ya ga ba a taɓa ta ba. Wataƙila yatsansa ya ji wani abu a bayan wuyan, don ya ɗan tsaya. Sai ya dubi rana ta taga, ya cire hannunsa ya goge da hankici.

"Yara ɗari nawa nake zagayawa, kina tsammani fuska nake riƙewa? Lamba nake dubawa. Lambar tamu ce."

Harlam ya riƙe mata hannu ɗaya, dagaci ya riƙe ɗaya, Domna ta ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Lusha ta yi kuka, kuka sosai mai ƙarfi, irin wanda ta daɗe ba ta iya ba. Aka sa ta a kwando tsakanin sauran biyun. Ustinya ta fizge ta bi keken, ta wuce rijiya, ta wuce coci, ta wuce gonakin da aka girbe, tana kiran sunan da babu mai shi a takardar kowa. A gangaren gada ƙafarta ta harɗe ta faɗi. Da ta ɗago, sai ƙarar ƙararrawa daga nesa, can ita ma ta ɗauke.

Ba wanda ya zo ɗaukarta. Da ƙafarta ta dawo, don ba ta da wani wurin zuwa. Ta tarar an ɗora akushi, Domna tana mayar da sauran ƙwan maɓoyarsu.

"Kin huta," in ji tsohuwar. "Ba saniya, ba kuɗi, kin kusa kai tsoho kurkuku. Da kin yi shiru ma da mutuncinmu."

Harlam ya ƙwanƙwasa bakin akushi da cokali. Ya dubi gaban rigarta, inda nono ya jiƙa har ciki.

"Asara," ya ce. "Na ji matar mai injin niƙa ta haihu ba ta da ruwa. Gobe ki je ki ji, tsohuwa, kafin ya ƙafe."

Ba a kai kowa ƙara ba. Ba wanda ya ce an yi laifi. Harlam yana nan yana tsayawa sahun gaba a coci, Domna tana kunna kyandir, Nikifor ya aiko a gaya wa matarsa ta yi haƙuri. In ka tambayi mutanen Lipofka za su ce maka gidan mutanen kirki ne, talauci ne kawai, sun kuma yi rashin sa'ar suruka. Yarinyar da suka hana nono don tasu ce, suka ba ta don ta zama ta wasu, ba wanda ya san ko ta kai birni.

Ustinya tana shayar da ɗan mai injin niƙa yanzu. Ran Lahadi in an fito coci takan zaga baya, wurin ɗan gicciyen da Harlam ya sassaƙa da hannunsa mai kyau. Tana cire ciyawa, ta zauna. Mata suna wucewa suna cewa ga mahaukaciyar can tana yi wa 'yarta magana. Ba sa matsowa, shi ya sa ba su taɓa jin abin da take faɗa ba.

"Serafima," take cewa, "ke da kike kusa da Ubangiji, duba min. Tana wurinku, ko har yanzu?"